Gaisuwar da Maikano Ya Yi wa Kande

Duk wanda ya saba sayen bandar kifi a bakin dam ɗin Tiga ya san Kande. Ko bai riƙe sunanta ba, ya riƙe muryarta. Doguwar mace ce siririya, hayaƙi ya rina mata idanu, kuma tunda take ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. A bayan gidanta akwai yankakkun ganguna da ragar waya a kai. Nan take jera tarwaɗa da karfasa tun hantsi, ta zauna a kujerar tsugunno tana juya su da hannu, don ta ce wuta ta daɗe da gajiya da yatsunta.

Ba a nan aka haife ta ba. Garinsu, Kwarin Marke, yana can ƙarƙashin ruwan da take cin abinci da shi. Tana 'yar tallan gyaɗa aka zo aka ce su tashi, ruwa na tafe. Mutanen gari suka watse. Wasu suka nufi Ƙofa, wasu suka nausa har gefen dajin Falgore. Mahaifin Kande ya tsaya a tudun da ke kallon ruwan, ya koyi su da girmansa. Ƙanwarsa kuwa, Gwaggo Uwani, ta bi mijinta Ɗansoshiya tare da ɗanta Maikano.

Tashin nan bai karɓi Gwaggo Uwani ba. Mace ce mai tsafta, ita ke yi wa Kande kitso tun tana ƙarama, tana yi tana ba ta labari don kada ta motsa. Bayan an koma Ɗansoshiya sai ta fara fita da tsintsiya a hannu, ta kama hanya, in an tare ta ta ce za ta je ta share ɗakinta kafin ruwa ya shiga. Aka yi rubutu, aka yi turare, abin bai tsaya ba. A ƙarshe sai da aka riƙa kulle ta a ɗaki, Maikano yana miƙa mata abinci ta taga. A haka ta rasu. Dangi suka rufe maganar, ba mai tayar da ita.

Kande 'yar namiji, Maikano ɗan mace, wato taubasai ne, kuma sun riƙi taubasantakar nan da gaske. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa irin ta mutane ba. Da suka girma, ta auri Adamu masunci, shi ya zama manomin masara da rake, amma duk ranar kasuwar bakin ruwa sai ya hawo tsohon babur ɗinsa ya zo. Tun daga ƙofar gida yake farawa.

"Ina baiwar gidan nan? A fito a tari ubangida."

"Wa nake ji kamar ɓarawon rogo?" in ji Kande daga wajen banda. "Nusaiba, kaɗa kajin nan ki rufe, ya iso."

Nusaiba matar babban ɗanta ce, ta saba, sai dai ta shimfiɗa tabarma tana murmushi. Zancen rogo kuwa ya samo asali ne tun a Kwarin Marke, ranar da Maikano ya shiga gonar rogon kawunsa, mahaifin Kande, aka biyo shi, ya tsallake danga ya bar wandonsa a jikin ƙaya. Shekara hamsin ke nan Kande ba ta bar wandon nan ya huta ba.

Ita kuma takan ware masa tarwaɗar da ta fi kowace maiƙo. Ya zauna ya cinye ta tas, ya tsotse kai, sannan ya goge baki ya ce, "Wannan kike sayar wa bayin Allah? Gawayi ma ya fi shi laushi."

"To amayo min abina."

"Sadaka na yi miki da na ci. Wa zai saya?"

Ranar da Kande ta fita takabar Adamu, gida cike da mata, ta yi watanni ba wanda ya ga haƙorinta. Maikano ya shigo, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya dube ta ya ce, "Allah ya ji ƙan Adamu. Ko ba komai ya huta da miyarki." Dariyar da ta ƙwace mata har da hawaye, ita ce ta farko.

Wasan nasu yana da iyaka, ko da yake ba su taɓa zama sun shata ta ba. Shi bai taɓa ambaton 'ya'yanta biyu da suka rasu a goye ba. Ita ba ta taɓa kusantar zancen Gwaggo Uwani ba. Kuma duk abin da aka faɗa, a tabarmar nan yake ƙarewa. Yana tayar da babur, shi ke nan, an gama.

Wayar ta zo ne ta hannun Mujitaba, autan Kande, wanda ke aiki a wani shagon magani a Kano. Shi ya buɗe zaure a waya, guruf, ya sa masa suna Zuriyar Kwarin Marke, ya tattaro jikokin garin daga ko'ina, har da waɗanda ba su taɓa ganin ruwan Tiga ba. Ya sayo wa uwarsa waya mai shafawa, ya nuna mata abu biyu: inda za ta danna ta ji murya, da inda za ta danne ta yi magana. Kande ba ta yi boko ba, allonta ma bai yi nisa ba. Abu biyun nan sun ishe ta.

Wata rana bayan girbi Maikano ya sa hotonsa a zauren, tsaye gaban tulin masara, ya ci babbar riga. Mutane na ta sa albarka. Kande ta kalli hoton, ta goge hannu a zani, ta danne.

"Jama'a kowa ya je ya duba rumbunsa. Mutumin da ya bar wandonsa a dangar ubana, yau shi ne da masara haka?"

Kafin la'asar amsa ta iso. "Ku yi mata uzuri, hayaƙi ne ya cinye mata ido. Baiwarmu ce, mun 'yanta ta don ba ta da amfani."

Zaure ya kacame. 'Yan fuskokin nan masu dariya har da hawaye suka yi ta zubowa, su kam Kande tana gane su. Wani yaro daga Fatakwal ya aiko murya yana cewa Inna a ƙara masa. Abin ya yi mata daɗi fiye da yadda za ta iya faɗa. Shekara da shekaru kaji da Nusaiba ne kawai 'yan kallonta, yau ga mutum fiye da ɗari. Ta fara kwana da shirin abin da za ta faɗa gobe. Shi ma Maikano haka. In ya zo ranar kasuwa ma, sai su zauna suna sake sauraron na jiya, kowa na cewa shi ya yi nasara.

Abin da ba su lura da shi ba, maganar waya ba ta ƙarewa a tabarma. Wani ya kwashi muryar Kande ta zancen wando ya tura wani zauren, daga can aka tura gaba, har ta isa wayar surukan Musaddiq, ɗan Maikano. Musaddiq malamin makaranta ne, sabon ango, ya auro 'yar wani gida a birni da ba su san Kande ba, ba su san tsakaninta da mahaifinsa ba. Abin da suka ji kawai shi ne wata tsohuwa tana kiran surukinsu ɓarawo a gaban jama'a. Aka kunna masa a gaban amaryarsa, ana dariya.

Musaddiq bai aiko murya ba, rubutu ya yi. Ya ce yana roƙon masu kula da zaure su ja wa tsohuwar nan kunne, don mahaifinsa ba sa'an wasan 'yan kasuwar kifi ba ne. Mujitaba ya mayar masa cewa wanda bai san darajar gwaggonsa ba, karatunsa bai amfane shi ba. Daga nan aka bar zancen iyaye aka koma na juna, wa ya gama makaranta da kyar, wa ke zaman haya, wa aka kora daga aiki. Musaddiq ya sa hoton Kande tsugune gaban ganga cikin tsohon zani, ya rubuta abin da ya rubuta a ƙasa. Mujitaba ya sa hoton katangar gidan Maikano da damina ta zubar. Sauran jama'a suka rabu biyu, 'yan bakin ruwa da 'yan tudu, har da masu zuga kowane ɓangare don kada abin kallo ya ƙare.

Kande tana cikin zauren nan kullum, ba ta san ana yi ba. Rubutu a wurinta jerin tururuwa ne. Takan sa yatsa ta ture shi sama, ta ture, ta ture, har ta iso inda akwai abin dannawa. Ta ga hotonta ya wuce, ta ce wa Nusaiba ashe an ɗauke ta ba ta shirya ba. Nusaiba tana karantawa a tata wayar, amma wace suruka ce za ta tari uwar miji da irin wannan? Ta zuba ido tana fatan abin zai mutu da kansa.

Maikano shi ya yi yaƙi da jahilci, yana haɗa baƙi a hankali, don haka yana gani. Sau ɗaya ya aiko murya, ba dariya a cikinta. "Yara, ku bari. Wasa ne tsakanina da 'yar'uwata, ba ruwanku a ciki." Kande ta saurara, ta tuntsire da dariya, ta danne. "Kun ji shi? Ya fara neman agaji wurin yara. Ai ban fara ba tukuna."

Ana haka har ranar da Musaddiq ya rubuta cewa warin kifi ya bi zuriyar Kande har cikin jini. Mujitaba yana shago, ransa ya ɓaci, ya laluba ya ɗauko abin da ya san zai fi ciwo. Ya rubuta cewa gara warin kifi da jinin hauka, a tambayi Musaddiq wace ce aka kulle a ɗaki a Ɗansoshiya ana miƙa mata tuwo ta taga.

Zaure ya yi tsit. Ko masu zuga ba su ce komai ba.

A daidai wannan shirun Kande ta gama kwashe kifi, ta wanke hannu, ta ɗauki waya. Ta ture rubutu sama ba ta tarar da muryar Maikano ba, ta ga kwana biyu ke nan bai tanka mata zancen rogo ba. Ta gyara zama ta danne.

"Maikano, shiru kake ji. To me zai ce? Ai gaskiya ce, duk wanda ya fito Kwarin Marke ya san wannan. In ƙarya ne ya fito ya musa." Ta rufe da dariyar nan tata mai ƙarfi.

Saƙon ya sauka a ƙarƙashin rubutun ɗanta, ba komai a tsakaninsu.

Ranar kasuwa ta zo, ta ware tarwaɗa, babur bai zo ba. Ta ce ko taya ce ta fashe. Wata kasuwar ma haka. Ta sa aka kira mata lambarsa, tana shiga ba a ɗauka. A zaure kuma ba muryarsa, kuma ba mai aiko mata fuskokin dariya. Ta kira Nusaiba bayan gida, ta miƙa mata wayar.

"Karanta min abin da ke cikin nan."

"Inna, surutun yara ne kawai."

"Na ce ki karanta. Daga inda aka sa hotona."

Nusaiba ta durƙusa ta fara, tana tsallake wasu. Kande ta ce kada ta tsallake ko ɗaya. Da aka zo kan taga da tuwo, Nusaiba ta tsaya. Kande ta ce ta ci gaba. Ta karanta. Sai Kande ta ce, "Me ke biye?" Nusaiba ta danna, muryar Kande ta fito tana cewa ai gaskiya ce, tana dariya. A ƙasa akwai ɗan layi guda, Nusaiba ta ce an rubuta Maikano ya fita daga zauren.

Kifin da ke kan wuta ya ƙone ranar. Kande tana zaune tana kallonsa.

Da ta samu Mujitaba a waya, bai bari ta kai aya ba. "Inna, shi ya fara. Kin san abin da ya ce a kanki? Ni in zuba ido ana zagin uwata?"

"Wa ya aike ka?"

"Ai kare ki nake yi."

"Matar da ka zaga ita ta yi min kitson farko. Ƙanwar ubana ce. Jinin da ka ce, shi ne a jikina, shi ne a jikinka."

Ya ce, "Ai ke kika ba ni labarin."

Haka ne, ita ta ba shi. Yana ɗan sakandare, wata rana ruwa ya ja baya har kan wani tsohon marke ya leƙo, kewa ta kama ta, ta zauna ta ba shi labarin Gwaggo Uwani tana share hawaye. Ta ba shi ne don ya san ta.

Ta aika murya zaure tana rantsuwa cewa ba ta san abin da aka rubuta ba, zancen rogo take yi. Wasu suka ce Allah ya kyauta. Wani ya ce tsohuwa ta ga uwar bari. Musaddiq ya rubuta kalma biyu, Nusaiba ta ce cewa ya yi an makara. Wanda aka yi don shi ba ya nan balle ya ji.

Dattawan dangi ne suka shiga maganar bayan ƙaramar salla. Aka sa rana, aka ce Mujitaba ya zo daga Kano ya ba da haƙuri. Kande ta zaɓi tarwaɗa mafi girma, ta yi mata banda a hankali da itacen da ba ya ɗaci, ta naɗe a takarda, suka hau mota zuwa Ɗansoshiya.

Duk zuwan da take yi gidan nan, kai tsaye take shigewa har madafa tana kushe tuwon matarsa. Ranar a zauren ƙofar gida aka yi musu shimfiɗa. Maikano ya fito cikin farar riga, ya rame. Ya zauna, ya dube ta, ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya iyali?"

Kande ba ta taɓa zuwa Makka ba, kuma tunda aka haife ta bakin nan bai taɓa tambayar ta lafiya ba. Ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ta amsa, "Lafiya ƙalau," don ba ta san me ake cewa ba.

Mujitaba ya durƙusa ya ce, "Kawu, na yi kuskure, a yafe min." Maikano ya ce ya yafe duniya da lahira. Musaddiq ya ce, "Gwaggo, a yi haƙuri," idonsa na kan tabarma. Aka yi addu'a aka shafa. Dattawa suka ce alhamdu lillahi.

Kande ta ga za a tashi a haka. Ta tattaro abin da ya rage mata, ta ɗaga murya yadda ta saba. "Wannan rigar fa? Wa aka bari tsirara a garin nan?"

Ta ga gefen bakinsa ya motsa. Ta san amsar tana nan, ta ma san irinta. Sai idonsa ya sauka kan wayar da ke hannun Musaddiq, ya koma kan ta hannun Mujitaba. Ya ce, "Tawa ce. Yara suka ɗinka min."

Ta matso, ta rage murya, abin da ba ta iya ba. "Maikano, wallahi ban san abin da aka rubuta ba."

"Na sani. Tun ranar na sani, ai ba kya karatu."

"To me ya rage?"

Ya daɗe yana murza carbi. "Yaron nan naki ba a haife shi ba lokacin da mahaifiyata ta rasu. Ni ban taɓa gaya wa nawa zancen taga ba. A zauren waya ya gani, ya zo yana tambayata." Ya ɗago. "Naki a bakin wa ya ji?"

Kande ta buɗe baki. Ta so ta ce masa ranar da marke ya leƙo ne, ta so ta ce da kuka ta faɗa. Ta duba ta ga duk yadda ta juya shi, amsar ɗaya ce. Ta tura masa ƙunshin kifin.

Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya yaba. "Madalla. Kifinki ai kullum mai kyau ne. Allah ya saka da alheri." Ya miƙa aka shiga da shi cikin gida, bai taɓa ba.

Wani daga cikin dattawan ya ce a tsaya a ɗauki hoto don jama'ar zaure su shaida. Aka jera su, ita da shi a tsakiya, 'ya'yansu a gefe. Kafin su iso gida hoton ya shiga, an mayar da Maikano cikin zauren, mutane na ta murna an sasanta. Masu zugar nan su suka fi kowa sa albarka. Aka kafa doka, daga yau ba zagi, ba wasan banza, duk wanda ya karya a cire shi. Mujitaba da Musaddiq aka naɗa su kula da dokar, kuma an ce yanzu suna shiri sosai.

Kande tana nan tana bandarta. Ranar kasuwa ba ta ware komai, duk a faranti ɗaya take jerawa. Masu saye sun ce ta rage surutu, wasu na cewa girma ne ya zo. Wayar tana rataye a ƙusa cikin leda saboda hayaƙi, ba ta cika sauke ta ba sai ranar Juma'a. Ranar ce Maikano ke aiko mata saƙo, bai taɓa fashi ba.

"Hajiya Kande, barka da Juma'a. Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuriya."

Takan saurara har ƙarshe, ko akwai wani abu a bayan addu'ar. Sannan ta goge hannu a zani, ta danne, ta ce, "Amin, Malam. Na gode."